Daga Garmaho Zuwa Kaset: Tarihin Kayan Sauti A Sabo Da Yadda Ake Tada Su

Da wuya mutum ya shiga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajenmu na nan Sabon Badun ya rasa abu biyu, in dai ya duba da kyau. Na farko wata tsohuwar rakoda ce ko amfilifaya da aka tura ƙarƙashin gado, ko aka ɗora bisa kabad aka lulluɓe da zane, kowa a gidan yana cewa ai ta daɗe da mutuwa. Na biyu kuwa kwali ne ko adaka cike da kaset-kaset, wasu da rubutun ajami a jikinsu, wasu ko rubutun babu. Haka abin yake a Agege da Idi Araba da Shagamu, har Anaca da Fatakwal. Abin da ke cikin adakar nan ba waƙar Shata kaɗai ba ce. Akwai karatun malaman unguwa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, akwai walimar sauka, akwai naɗin sarauta, akwai kuma saƙon baki da wata tsohuwa ta aiko wa ɗanta daga Katsina ko Damagaram shekara 40 da suka wuce. Irin waɗannan babu kwafinsu a ko'ina cikin duniya, ga shi kuma danshin Kurmi yana cinsu dare da rana.

Mu da muka yi shekaru muna saro kayan wuta daga Ikko muna sayarwa mun san cewa yawancin na'urorin nan ba su mutu ba. Masu sanin yadda ake haɗa su ne suka ƙare. Mai karatu, in kana da irin wannan amfilifaya a gida, juya ta ka dubi bayanta. Za ka ga ramuka bibbiyu a jere, an rubuta PHONO a kan wasu, TUNER a kan wasu, sa'an nan TAPE, sa'an nan AUX. Kowane ɗayansu zamani ne da ya ratsa ta zangon nan ya wuce, kuma wanda ya san yadda suka zo ɗaya bayan ɗaya ba zai sa waya a ramin da ba nata ba.

Garmaho shi ne babban wa. Wani Ba'amurke, Thomas Edison, shi ya fara ƙera na'urar da ke kama murya ta kuma maimaita ta cikin 1877, bayan shekara 10 kuma Emile Berliner ya fito da dabarar faifai mai faɗi wanda muka sani. Lokacin da aka kafa Sabo a 1916 garmaho ya riga ya shigo Ikko, sai dai ba kayan talaka ba ne. Dattawa sun ba mu labari cewa sai a gidan babban fatoma ko wani attajirin goro ko na shanu ake ganinsa, kuma malamai da yawa ba su yi maraba da shi ba. Ba ya bukatar wuta ko batir. Hannu gare shi da ake wanawa, faifan ya riƙa juyawa sau 78 a minti ɗaya, allurar ƙarfe tana bin layin da ke jikinsa, amo yana fita ta ƙaho. Kowane gefe bai fi minti 3 da 'yan kai ba, allurar kuma in ta yi gefe ɗaya ko biyu ta dakushe sai a sake wata, shi ya sa ake sayar da su cikin 'yar gwangwani. Wasu gwangwanayen da hoton karen nan mai saurare a bakin ƙaho, alamar kamfanin HMV.

Minti uku kuwa ina zai kai makaɗin Hausa? Bai gama gaida ubangidansa ba faifai ya ƙare. Sai da kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba a 1948, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda gefensa ɗaya ke ɗaukar wajen minti 20, sa'an nan faifai ya dace da irin waƙarmu. A 1949 RCA ta kawo ƙaramin, mai 45. Kamfanoni uku ne suka riƙe wannan kasuwa a Ikko, watau Decca da EMI da Philips, kuma ta hannun irinsu muryar Alhaji Mamman Shata da ta Ɗan Maraya Jos suka hau faifai suka iso kantunan Dugbe. Da yawan faya-fayan da ke ajiye a gidajen Sabo na wannan zamani ne.

To, a nan ne kuskure na farko yake. Faifan garmaho mai 78 da faifan roba ba abu ɗaya ba ne. Na garmaho da wani irin ƙaro ake yinsa, wanda ake samu daga jikin wani ƙwaro a Indiya, yana da nauyi, in ya faɗi sai ya fashe kamar tangaran, kuma in aka goge shi da sifirit narkewa yake yi. Layinsa ya fi na faifan roba faɗi, don haka allurarsa dabam take. Wanda ya ɗora faifan roba a kan garmaho mai allurar ƙarfe ya kashe shi a juyi ɗaya. Akwai kuma wata ɗabi'a da muka taso muka tarar, ta ɗora kwabo ko sisi a kan hannun allura wai don kada ta yi tsalle. Nauyin da yawancin allurai ke bukata bai wuce giram 2 zuwa 3 ba. In tana tsalle, ko ta dakushe ne, ko faifan ya yi dauɗa, ko teburin bai zauna daidai ba. Kwabon nan sassaƙe faifan kawai yake yi.

Ramin PHONO kuwa don na'urar faifai kaɗai aka yi shi, ga kuma dalili. Wutar da allura ke haifarwa 'yar mitsitsiya ce, kashi 3 zuwa 5 cikin dubu na bolt ɗaya. Bugu da ƙari, a masana'anta da gangan ake rage kaurin sauti, irin amon ganga mai zurfi, a ƙara siririnsa, don kada layin ya yi faɗi ya cinye wuri a faifai. Cikin 1954 kamfanonin Amurka suka daidaita a kan ma'auni ɗaya na yin haka, duniya ta bi su. A bayan ramin PHONO akwai wani ɗan sashe da aikinsa shi ne ya ɗaga wannan ƙaramar wuta ya kuma mayar da kaurin da aka cire. Saboda haka in ka sa na'urar faifai a AUX za ka ji Shata can ƙasa-ƙasa kamar yana waƙa cikin gwangwani, sai ka ce amfilifaya ta lalace, alhali lafiyarta lau. In kuma ka sa rakoda ko na'urar CD a PHONO, wadda wutarta kan kai bolt 2, watau ninki 400 na allura, sai amo ya dagule ya riƙa fashewa, har yana iya yaga lasifika. Ban da jar waya da fara, akwai wata siririya ta uku da ke fitowa daga na'urar faifai, wadda yara kan ɗauka ba ta da amfani su yanke. Wurinta wani ɗan kusa ne a bayan amfilifaya da aka rubuta GND. In ba a ɗaure ta ba, sai ka ji wani gurnani yana bin waƙa daga farko har ƙarshe. Ƙananan na'urorin faifai masu araha na da wata irin allura mai ba da wuta da yawa, su kam AUX ya ishe su.

Rediyo ya shigo ta wata hanya dabam. Na farkon da mutanen Badun suka sani akwati ne na katako da ake rataye shi a bango, an jawo masa waya daga tasha, ana biyan kuɗinsa wata-wata. An fara shi a Ikko a 1935, Badun 1939, Kano 1944. Ba ya da wurin neman tasha, sai na ƙara murya da ragewa, abin da aka aiko maka shi za ka ji. Maƙwabtanmu Yarbawa suka sa wa rediyo suna asoromagbesi, watau mai magana ba ya jiran amsa, kuma wallahi sunan ya dace. Amma ga Bahaushen Sabo akwatin nan bai kai shi gida ba, don Turanci da Yarbanci suka fi yawa a cikinsa. Abin da ya kai shi gida shi ne gajeren zango. Ranar 13 ga watan Maris 1957 BBC ta fara shirin Hausa na minti 15 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka sai 1979. Daidai lokacin ne kuma ƙaramin rediyo mai batir ya maye gurbin babban nan mai ƙwai a ciki, wanda sai ya ɗau zafi kafin ya yi magana. Mai shayi da mai gadi da mai tireda kowa ya rataya nasa.

Yaran yanzu ba za su gane matsayin mita 49 a wurin iyayenmu ba. A nan ake kama Kaduna, a ji Zaɓi Sonka, mutum yana zaune a Mokola ya ji an ambaci sunansa ana gaishe shi daga Funtuwa. A nan kuma ake jin abin da ya fi gaisuwa nauyi. Daren 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Akintola a nan Badun, kuma a bakin rediyo mutanen Sabo suka yanke shawarar ko a ɗora goro a mota ko a dakata, ko a tura iyali gida ko a zauna. Haka aka sake taruwa a kansa ranar 13 ga Fabrairu 1976 da aka kashe Janar Murtala. Baƙo a ƙasar wani, rediyo ne kunnensa. Ramin TUNER na rediyon da ba shi da lasifika ne, wanda ake haɗawa da amfilifaya, kuma matsalarsa ba ta da yawa: in bai kama tasha ba, duba eriya tukuna. Abu ɗaya da ya sake shi ne gidajenmu sun cika da ƙwan fitila na zamani da cajar waya da inbata, kuma dukkansu suna zuba ƙara a gajere da matsakaicin zango. Kashe su ka gani kafin ka ɗauki rediyo zuwa wurin mai gyara.

Sai kaset, wanda a ganina babu na'urar da ta yi wa zango aiki kamarsa, har wayar hannu kuwa. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, a ƙarƙashin wani injiniya ɗan ƙasar Holan mai suna Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Kamfanin ya bar wa sauran kamfanoni su ƙera irinsa ba tare da biyan lada ba, shi ya sa kaset ɗin Japan ke shiga rakodar Jamus ba gardama. Ya iso mana sosai cikin shekarun 1970, lokacin da abubuwa uku suka haɗu. Kuɗin man fetur ya shigo, Naira tana da ƙarfi. Ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya cika kasuwa da masu saye, mu 'yan kasuwa ma ya taɓa mu ko da ba mu cikin lissafi. Sa'an nan aikin Hajji: a 1977 kaɗai sama da mutum 100,000 suka tafi daga Nijeriya, kuma da wuya alhaji ya sauko daga jirgi ba da rakoda National ko Sanyo ko Sharp a hannu ba, da kaset ɗin ƙira'ar Abdulbasit ko Husari a ciki.

Bambancin kaset da duk abin da ya gabace shi shi ne yana ɗauka. Garmaho da rediyo sai dai su faɗa maka, shi kuwa kai ma kana iya faɗa masa. Da azumi sai a danna jan maɓalli a ɗauki tafsirin Shaihu Abubakar Gumi ko na Shaihu Ɗahiru Bauchi daga Rediyon Kaduna, kowa da wanda yake bi, a yi ta juyawa har wata azumin. Almajirai suka riƙa ajiye rakoda a gaban malaminsu a zaure. Mafi girma duka, wanda bai iya boko ko ajami ba ya huta da neman mai rubuta masa wasiƙa, wanda zai ji sirrinsa. Sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi sallama, ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da ke ransa, ya naɗe kaset ɗin a takarda tare da 'yan kuɗi ya ba direban motar goro. Bayan sati uku amsa ta dawo, sau da yawa a kan kaset ɗin nan dai, an shafe nasa an ɗora nasu. An ɗaura aure da irin wannan saƙo, an raba gado, an yi biko, an sanar da rasuwa. Gefe guda kuma kaset ɗin ne ya karya kamfanonin faifai, domin mai rakoda biyu ya zama kamfani, kuma zuwa farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin Turawa sun sayar da nasu sun tafi. Mawaƙa sun yi kuka da wannan, kuma suna da gaskiya, ko da yake mu masu saye ba mu ji kukan ba a lokacin.

Cikin shekarun nan ne aka fara yayin set, watau amfilifaya dabam, rakoda dabam, rediyo dabam, na'urar faifai a sama, ga lasifikoki biyu masu tsayin yaro. Kenwood, Pioneer, Sansui, Akai, Technics. Falon da babu set bai cika falo ba. Da aka karya darajar Naira a 1986 sabo ya gagara, sai tokumbo ya cika kasuwar Alaba, aka riƙa haɗa kan wannan da jikin wancan, amfilifayar Japan da rakodar Jamus da lasifikar Ingila. Rabin rikicin da ake fama da shi yau daga wannan haɗe-haɗe ya samo asali.

Na farko wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Kafin ka sa kowace tsohuwar na'ura a soket, karanta ɗan allon da ke bayanta. In ka ga 100 ko 110 ko 120, sai da 'yar taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Wasu suna da wani maɓalli a baya na zaɓen wuta, a tabbata yana kan 220 ko 240. Akwai kuma wata matsala da ba kowa ya sani ba. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka da ta yammacin Japan sau 60, kuma wasu tsofaffin na'urorin faifai da wannan kaɗawa suke auna gudunsu. Irin wannan in ta zo nan, maimakon 33 sai ta yi ta juyawa wajen 28, muryar Barmani Choge ta koma ta namiji. Taransifoma ba ta maganin wannan, sai an sake ɗan ƙarfen da ke kan moto. Fis kuma in ya ƙone a sa irinsa mai lamba ɗaya. Masu naɗa masa takardar azurfar kwalin sigari ko guntun waya sun kashe amfilifaya fiye da yadda tsawa ta kashe. In sabon fis ya sake ƙonewa nan take, akwai ciwo a ciki, a kai wa mai gyara. Kada wanda bai iya ba ya buɗe ta, domin akwai wasu manyan gwangwanaye a ciki masu riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Na biyu wayoyi. Kayan Japan da na Amurka fulogi bibbiyu suke da shi, ja na dama, fari na hagu. Na Turai irin su Philips da Grundig kuwa wani zagayayyen fulogi ne mai haƙora 5, wanda ya haɗa shiga da fita wuri ɗaya, don haka sai an nemi waya mai wannan kai a gefe ɗaya, da kawuna huɗu a ɗaya gefen. Rakoda waya biyu take bukata, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Inda aka rubuta OUT ko PLAY a bayan rakoda, shi ke tafiya PLAY ko IN na sashen TAPE a amfilifaya. Inda aka rubuta REC a amfilifaya shi ke komawa IN ko REC na rakoda. In saurare kawai kake so, ta farkon ta isa. A gaban amfilifaya kuma akwai wani maɓalli, TAPE MONITOR. In an danna shi kaset kaɗai za a ji, rediyo da faifai duk su yi shiru, in kuma ba a danna ba kaset ɗin ne ba zai fito ba. Na sha ganin amfilifayar da ta shekara 10 a ƙarƙashin gado an ce ta mutu, ashe wani yaro ne ya danna wannan maɓalli. Haka nan wasu manya suna da 'yan ƙarafa biyu lanƙwasassu a baya, masu haɗa PRE OUT da MAIN IN. In sun ɓace, fitila za ta kama amma ko tari ba za ta yi ba, kuma 'yar gajeriyar waya mai ja da fari tana maye gurbinsu.

Na uku lasifika, kuma ita ce ta fi kashe kaya a Sabo, saboda halinmu na aro. Ana suna ko biki sai a zo a ɗauki set ɗin maigida, a jona masa duk lasifikar da aka samu a unguwa. A bayan kowace lasifika akwai lamba, 8 ko 4, da wata alama kamar kofaton doki, ana kiranta om. In ka jona masu 8 guda biyu a baki ɗaya sun koma 4, in huɗu ne sun koma 2, kuma yadda lambar ke raguwa haka suke ƙara jan wuta, har amfilifaya ta yi zafi ta ƙone. Yawancin na gida ba sa jure ƙasa da 4. Aikin fili na irin su Ahuja da TOA ne, waɗanda ake sa wa a masallaci. Wajen ɗaura waya a kashe na'ura tukuna, a murɗe bakin wayar sosai, domin silin tagulla ɗaya in ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya jawo asara. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka lasifikokin biyu. In aka juya ɗaya ba abin da zai ƙone, amma kaurin sauti zai gudu, kalangu ya zama kamar ana buga faranti.

In gefe ɗaya ne ya yi shiru, ga yadda masu gyara ke kama ɓarawon ba tare da sun kwance ko kusa ɗaya ba. A kashe, a musanya wayoyin lasifikar hagu da ta dama a bayan amfilifaya, a kunna. In lasifikar nan dai ce ta ci gaba da shiru, laifin nata ne ko na wayarta. In shirun ya koma ɗaya gefen, lasifika ta kuɓuta. Sai a mayar da su yadda suke, a musanya ja da fari na rakoda a inda suka shiga amfilifaya. In shirun ya sake ƙaura, rakoda ce ko wayarta, kuma sau da yawa wayar ce. In bai motsa ba, amfilifaya ce. Ko a nan ma kada a yanke ƙauna. Yawanci tsatsa ce da ƙura a cikin maɓallai, irin wadda ke sa ƙarar ƙwar-ƙwar in ana murɗa murya. A kashe na'urar a yi ta murɗa kowane maɓalli sau 30 ko 40, in da hali a fesa masa maganin wanke maɓalli da ake sayarwa a shagon kayan rediyo. Ban da man keke, ban da kananzir.

Ita rakoda, ciwonta na tsufa roba ne. A cikinta akwai bel da ke ɗauko juyi daga moto, kuma bayan shekara 20 ko 30 ko ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. Alamarsa ita ce ka ji moto yana kuka amma kaset ba ya juyawa. A goge narkakken da sifirit, a auna hanyarsa da zare, a sayo wanda ya ɗan fi zaren gajarta kaɗan. Robar ɗaure kuɗi ba ta yi, murya rawa za ta riƙa yi. Akwai kuma 'yar baƙar taya da ke matse zaren kaset a jikin wani siririn ƙarfe. In ta bushe ko ta yi santsi, ita ce ke sa rakoda cin kaset. A goge ta da ɗan tsumma mai laima, ƙarfen da kan da ke karanta zaren kuma a goge su da auduga a tsinke da sifirit har auduga ta daina fita da ja. In duk da haka murya tana fita a dushe, akwai wani ɗan kusa a gefen kan, a juya shi kaɗan-kaɗan kaset yana tafiya, za a ji inda murya ta washe. Wannan yana da muhimmanci ga kaset ɗin saƙo, tunda kowanne a rakoda dabam aka ɗauke shi, kuma ba lalle kanta ya zauna daidai ba.

Kada a fara gwaji da kaset ɗin da ake ji da shi. A sa wanda ko ya lalace ba a yi asara ba, sai ya yi gefe biyu lafiya. Kafin a sa na gaske, a ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu da ke samansa, domin muddin suna nan, kuskuren danna jan maɓalli na daƙiƙa biyar ya shafe muryar da ba za ta dawo ba. In da an toshe ramukan da takarda ko salatif, kamar yadda muke yi da in za mu ɗora sabon abu, a cire. A sa bairo a juya a ga ko zaren yana tafiya, sa'an nan a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi, don ya saki jikinsa bayan shekaru yana manne. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiyar baki, in ya faɗi murya ba za ta fita sosai ba, sai a ciro na wani kaset a manna. In gidan ya fashe, a sami kaset mai kusoshi 5 a kwance a mayar da zaren ciki. Mai C120 zarensa siriri ne ƙwarai, a bi shi a hankali. Wanda aka ga farar fumfuna a jikin zarensa kuwa a ware shi daga sauran, kada a sa shi a rakoda mai kyau. Kuma a raba adakar da rana, da bango mai jiƙa, da bayan lasifika, domin maganaɗisun da ke ciki yana rage abin da aka ɗauka.

Ramin ƙarshe, AUX, an bar shi ne don abin da bai zo ba tukuna. CD ya fito a 1982 ya shiga nan, bidiyon finafinan Kano ya shiga nan, yau kuma da waya mai ƙaramin kai ɗaya a gefe, ja da fari a ɗaya gefen, wayar hannu ma tana shiga, amfilifayar 1978 ta karanta abin da aka turo ta WhatsApp da safe.

Amma tafiyar da ta fi mana amfani yanzu ta komawa ce, daga kaset zuwa kwamfuta. Ana jawo waya daga OUT na rakoda zuwa wani ɗan akwati mai shiga ramin USB, wanda ake samu a Alaba da Dugbe. Ramin makirfo na kwamfuta bai dace ba, amo yana yi masa yawa. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Audacity da ke ɗauka, a dai lura kada ma'aunin ya riƙa taɓa ja. Wanda bai sami wannan ba ya kara wayarsa a gaban lasifika cikin dare, in janareto ya yi shiru, ya fi babu. Aikin ba ya gaggautuwa, kaset mai C90 minti 90 zai ci, don haka a fara da na muryar mutanen gida da na malaman unguwa, a bar na Shata da Ɗanƙwairo daga baya tunda ana samunsu a wurare da yawa. Ina ba ƙungiyarmu shawara ta gyara rakoda ɗaya mai kyau ta ajiye a ofis, a sa yara biyu masu sanin kwamfuta a kanta, kowane gida ya kawo nasa bi da bi. Ranar da za a juya na wani gida, a zo da tsoho ko tsohuwar gidan su zauna a wurin, domin su ne za su ce wannan muryar wane ce, a gidan wane aka ɗauka, shekarar da aka yi kaza. A rubuta abin da suka faɗa a littafi da kuma jikin kaset ɗin, a ba mai shi kwafi biyu, a mayar masa da kaset ɗinsa ya ajiye.